Wutar Daji: Abokiyar Gaba Ce Ko Abokiyar Zama?

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a zauren taro, cikin makon laccoci na ƙungiyar ɗalibai)



Da farko ina miƙa godiya ga shugabannin ƙungiyarmu saboda damar da suka ba ni, ko da yake na san akwai waɗanda suka fi ni cancanta a cikin zauren nan. Ni ɗalibi ne, abin da na karanta da abin da na gani shi zan faɗa. Inda na yi daidai, madalla. Inda na kauce kuwa, ga malamai nan zaune, sai su mayar da ni hanya.

Bari in soma da wani abu da ya faru a ƙauyenmu ina aji biyu na sakandare. Mun zo hutun ƙarshen shekara, an gama yankan dawa, kawuna ya ɗaure dami arba'in ya jibge a gona yana jiran amalanke. Ran nan da hantsi wasu yara suka tura wuta a ramin gafiya a bakin gonar. Iskar hunturu ta ɗauki wutar ta jefa cikin kara, kafin mutanen gari su iso da ganye da bokitai, noman shekara guda ya zama toka. Gafiyar ma ba a kama ta ba. Hausawa suna cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, to kawuna bai ƙona nasa ba, ƙona masa aka yi, kuma shekarar nan da sayen hatsi a kwano ya ciyar da gidansa. Da wannan ɓacin rai na shigo jami'a, ina ganin babu wani alheri a wutar daji, kuma duk wanda ya kunna ta ɗauri ne ya dace da shi. Abin da zan bayyana muku yau shi ne yadda binciken masana muhalli ya sa na sake tunani, ba tare da na manta da damin kawuna ba.

Hotunan da taurarin ɗan'adam ke ɗauka sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a nahiyar Afirka take. Dalili kuwa a fili yake. Damina takan tsirar da ciyawa mai yawa, rani ya busar da ita, sa'an nan iska ta zo. Mafarauci yana kunna wuta don ya kori nama, makiyayi don ciyawa ta yi toho, manomi don sharar gona, mai ɗiban zuma kuma don ya kori ƙudan. Tun kafin ɗan'adam ya san ƙyastu, tsawa tana tada gobara a irin wannan daji. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me wutar nan take yi wa itatuwa da ciyayi da namun daji, kuma me zai faru in an hana ta?

Amsa ta farko a ƙasarmu aka samo ta. A shekarar 1929 ma'aikatan gandun daji suka keɓe filaye uku a dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abekuta. Fili na ɗaya ana ƙona shi kowace shekara a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka. Na biyu ana ƙona shi a ƙarshen rani, bayan kome ya bushe ƙayau. Na uku kuwa aka tsare shi, ba a barin wuta ta shiga ko kaɗan. Bayan shekara 28 aka auna, kuma Charter da Keay suka buga sakamakon a 1960. Filin da aka tsare ya zama kurmi, itatuwan kurmi sun rufe shi, ciyawa ta kusa ɓacewa saboda inuwa. Filin da ake ƙonawa a ƙarshen rani ya zama fage na ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi, waɗanda suka iya jure ƙuna. Wanda ake ƙonawa da wuri ya tsaya a tsakiya, ga itatuwa da dama, ga kuma ciyawa a ƙarƙashinsu. Wani masanin gandun daji Bafaranshe, André Aubréville, ya kafa irin wannan gwaji a 1936 a Kokondekro kusa da Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa, abin da ya fito can kuma ya yi kama da na Olokemeji. A Afirka ta Kudu ma an soma wani gwajin a gandun dajin Kruger cikin 1954.

Ku lura, jama'a, ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne, amma aka sami daji iri uku. Abin da ya bambanta su shi ne lokacin da wuta ta shiga. Wutar farkon rani, watau ta Nuwamba zuwa farkon Disamba a wajenmu, ba ta da ƙarfi. Tana tafiya a hankali, ta ci nan ta tsallake can, dare ya yi raɓa ta kashe ta. Wutar Fabrairu da Maris kuwa harshenta yana kai wa rassa, tana kashe ƙananan itatuwa, ta babbake furen kaɗanya wanda mata ke jiran 'ya'yansa da damina, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko. Haka kuma duk lokacin da ciyawa ta ƙone, mafi yawan sinadarin naitirojin da ke cikinta yana bin hayaƙi ya tafi. Tokar da ta rage tana da amfani, amma ba ta biya abin da aka yi hasara ba, balle in iska ta kwashe ta.

Itatuwan dajinmu kuwa sun daɗe da sanin wuta. Ku dubi ɓawon kaɗanya, kauri gare shi kamar fatar kada, shi ne rigar da ke kare cikinta daga zafi. Ku dubi taura da kalgo da doka: wuta takan cinye abin da ke sama, amma saiwa tana ƙasa da ranta, ba a daɗewa sai ka ga sabon toho. Gamba ma haka take, gindinta ba ya mutuwa. Akwai tsirran da suka wuce nan. A 1990 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, De Lange da Boucher, suka gano cewa hayaƙi kawai yana sa irin wani tsiro na can ya tsiro. A 2004 masu bincike a yammacin Ostireliya suka ware ainihin sinadarin da ke cikin hayaƙin mai tada iri daga barci, aka raɗa masa suna karikin, daga kalmar hayaƙi a harshen wasu 'yan asalin ƙasar. Iri yana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da yawa yana jira, sai hayaƙi ya sanar da shi cewa fili ya samu, inuwa ta kau, sa'an nan ya fito.

Yanzu bari mu ƙetara teku mu ga abin da ya sami waɗanda suka ɗauki wuta abokiyar gaba ɗungum. A watan Agusta na 1910 wata gagarumar gobara ta cinye eka kusan miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana na Amurka, ta hallaka mutane fiye da 80, yawancinsu masu kashe wuta. Abin ya girgiza hukumar gandun dajin ƙasar, har a 1935 ta kafa ƙa'ida cewa duk wutar da aka ba da labarinta lalle a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Aka yi shekaru ana bin wannan. A dazuzzuka da yawa, musamman waɗanda a da suke ƙonewa kaɗan-kaɗan a kai a kai, sai busassun rassa da ƙananan itatuwa suka yi ta taruwa, suka zama makamashi mai jiran ashana. A 1963 wani kwamitin masana ƙarƙashin Starker Leopold ya ba gwamnati shawara a mayar da wuta cikin tsarin kula da gandayen namun daji. Daga 1972 gandun Yalosuton, wanda aka kafa tun 1872, ya soma barin wasu gobarorin da tsawa ta tayar su ci su mutu da kansu, ana sa musu ido.

Sai shekarar 1988 ta zo da fari mai tsanani da iska mai ƙarfi. Gobara ta tashi a wurare daban-daban, wasu daga tsawa, wasu daga hannun mutane. Ranar 20 ga Agusta kaɗai fiye da eka 150,000 suka ƙone. Mutum wajen 25,000 suka yi aikin kashe wutar, aka kashe kuɗi kimanin dala miliyan 120, amma ba ta lafa ba sai da ƙanƙara mai laushi ta sauko ranar 11 ga Satumba. Da aka yi lissafi, wutar ta taɓa eka 793,880, watau kashi 36 cikin 100 na gandun. Don ku gane girman abin, wannan fili ya fi dajin Yankari gaba ɗayansa, kusan ninki ɗaya da rabi. Jaridu da talabijin suka yi ta cewa Yalosuton ta mutu, 'yan siyasa suka nemi a kori shugabannin gandun.

Masana kuwa suka shiga cikin tokar da ma'auni da littafin rubutu. Cikinsu akwai Monica Turner da William Romme, waɗanda suka shafe shekaru suna komawa filaye ɗaya suna ƙirga. Abin da suka tarar ya saɓa wa abin da jaridu suka faɗa. Wutar ba ta ci bai ɗaya ba, ta bar dajin dabbare-dabbare kamar fatar damisa: nan ya ƙone ƙurmus, can ya ɗan babbake, gaba kaɗan kuma kore shar. Daga wuraren da suka tsira iri ya bazu zuwa waɗanda suka ƙone. Itacen da ya fi yawa a gandun, wani dogo miƙaƙƙe dangin fayin, da yawa daga cikinsa yana ajiye irinsa ne cikin ƙwanso wanda ƙaro ya liƙe, ba ya buɗewa sai zafi ya narkar da ƙaron. Wutar da ta kashe uwa ita ce ta saki 'ya'ya, cikin 'yan shekaru ƙananan itatuwa suka rufe ƙasa ba tare da an dasa su ba. Game da dabbobi, akwai wata babbar barewa mai ƙaho kamar rassan itace wadda yawanta a yankin ya kai 40,000 zuwa 50,000; gawa 345 aka samu. Ɓaunar Amurka kuwa guda 9. Gaskiya ne da hunturu ya shigo dubbai sun mutu saboda fari da ƙarancin abinci da tsananin sanyi, amma garken ya farfaɗo cikin 'yan shekaru.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kowace wuta alheri ce. Wannan dajin ya saba ƙonewa ne sau ɗaya cikin shekara 100 zuwa 300. A 2016 wuta ta sake cin wasu sassan da suka ƙone a 1988, itatuwan ba su wuce shekara 28 ba, ba su tara iri isasshe ba. Da Turner da abokan aikinta suka koma suka ƙirga, sai suka ga tsiron da ya fito ya ragu ƙwarai. Ga shi ɗumamar yanayi tana ƙara tsawon lokacin fari a wurare da yawa. Kowane daji yana da irin wutar da ya saba da ita. In ta yawaita fiye da kima, ko ta zo ba a lokacinta ba, ɓarna ce.

Misali na gaba ya nuna yadda dabbobi su ma suke juya wuta. Cutar bushiya, wadda ta gama da shanun makiyayanmu wajen 1890, ta kuma sake yi mana ta'adi a 1983, ta daɗe tana danne namun dajin Serengeti a Tanzaniya. Akwai wata dabba can mai kama da kanki, Waswahili suna kiranta nyumbu. A farkon shekarun 1960 yawanta bai wuce 300,000 ba. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun allurar rigakafi, cutar ta ɓace daga namun daji, kafin ƙarshen shekarun 1970 nyumbu ta kai kimanin miliyan 1.3. Anthony Sinclair da waɗanda suka biyo bayansa suka bi sawun abin da ya faru: dabbobi suka cinye ciyawa, wuta ta rasa abin ci, filin da ke ƙonewa ya ragu, ƙananan itatuwa suka sami damar girma. Allurar da aka yi wa saniya ita ce ta dawo da itace. Cutar bushiya kuwa an bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Wannan ya isa ya nuna wa duk wanda zai riƙe ofis cewa aikin likitan dabbobi da na malamin daji da na malamin gona igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Akwai kuma wani labari da zai ba ku mamaki. Gambar nan tamu da muke saƙa zana da ita, an kai ta arewacin Ostireliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu, har yau da sunan gamba suke kiranta. Can ta tsere daga makiyaya ta shiga daji, tana kai tsawon mita 4. Binciken Samantha Setterfield da abokan aikinta ya nuna cewa wutar gamba tana iya ninka ta ciyawar ƙasar har sau takwas wajen ƙarfi, tana kashe itatuwan da suka saba jure ƙuna. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Abin da ke dukiya a wajenmu ya zama annoba a wajensu. A wannan yanki ne kuma aka ga amfanin komawa ga ilmin mutanen da. 'Yan asalin ƙasar sun gaji ƙona daji kaɗan-kaɗan a farkon rani. Da aka raba su da ƙasarsu, manyan gobarorin ƙarshen rani suka yawaita. A 2006 aka soma wani shiri a yammacin yankin Arnhem, aka ɗauki 'yan asalin ƙasar aikin gadin daji, suna ƙonawa da wuri kamar kakanninsu, ana taimaka musu da jirage masu saukar ungulu da hotunan taurarin ɗan'adam. Gobarar ƙarshen rani ta ragu, hayaƙi ya ragu, kuma ana biyansu ladan rage gurɓata iska.

To, mu dawo gida. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe ta ga baƙi a 1962, faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma tana riƙe da ɗaya daga cikin 'yan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya. A irin wannan daji, da gandun W na Jamhuriyar Nijar, ƙonawa da wuri makami ne a hannun ma'aikaci. Tana yanke hanyar babbar gobara, tana fito da toho mai gina jiki wanda gwanki da kanki da ɓauna ke so a lokacin da sauran ciyawa ta zama kara. Amma ɓarayin nama su ma sun san wannan, sukan kunna wuta don nama ya taru a kan toho su harbe shi. Wutar ƙarshen rani kuwa ta fi cutar waɗanda ba su iya gudu, irin su kunkuru da hawainiya da ƙananan dabbobi, ta kuma cinye maɓoyar zabin daji da fakara, ta shiga kurmin bakin kogi inda dabbobi ke fakewa da rani. Wanda ya taɓa ganin shirwa tana shawagi a kan hayaƙi ya san akwai masu cin riba da masu biyan diyya a kowace gobara.

Sa'an nan ba duk ƙasarmu ce Olokemeji ba. Can arewa, wajen iyakar Nijar da cikinta, yawancin ciyawar mai shekara ɗaya ce, in ta ƙone babu toho sai wata daminar. Wannan busasshiyar ciyawa ita ce rumbun makiyayi, ƙona ta hasara ce tsantsa. Shi ya sa a yankunan kiwo na Nijar ake share dogayen hanyoyin tare wuta bayan damina. Dokar da ta dace da dajin doka ba lalle ta dace da dajin ƙaya ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, mafi yawa a irin dajinmu. Kafin mu yi murna, mu san cewa babban dalili shi ne gonaki sun cinye dajin. Inda babu daji babu wuta, amma babu gwanki kuma.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga 'yan'uwana da za su shiga ma'aikatun gona da gandun daji da ƙananan hukumomi: takardar da ta ce an hana ƙona daji kwata-kwata tana da daɗin rubutawa, amma sau da yawa abin da take haifarwa shi ne a ɓoye a kunna a watan Maris, lokacin da wutar ta fi muni. Gara a zauna da dagatai da sarakunan baka da ardo-ardo a tsara inda za a ƙona, da ranar da za a ƙona, da inda ba za a taɓa ba, a share hanyar tare wuta kewaye da gonaki da amya da kurmi kafin iskar hunturu ta kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu ga malamanmu da mu ɗalibai: waɗanda suka kafa filayen Olokemeji sun san amsar za ta ɗauki shekaru, duk da haka suka kafa. Me zai hana sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu su keɓe filaye uku-uku, kowane aji ya auna ya rubuta ya bar wa na bayansa? Abin da ake bukata bai wuce fili da igiyar awo da haƙuri ba. Na uku gare mu duka: idan muka koma gida hutu, mu tambayi tsofaffi yadda suke yi a da, mu rubuta kafin su tafi da abin da suka sani.

Kawuna yana nan da ransa. Duk shekara yanzu, kafin ya yanke dawa, sai ya share taku goma kewaye da gonarsa, ya ƙona sharar da yamma lokacin da iska ta kwanta, 'ya'yansa na tsaye da ganye a hannu. Bai taɓa jin sunan Olokemeji ba, amma abin da masana suka yi shekara 28 suna aunawa shi ya koya a rana ɗaya, da tsada. Fatana shi ne ilmin da muke samu a nan ya sa wani manomin ya koya ba tare da ya biya irin wannan farashi ba.

 Allah ya kiyaye mu daga gobara, ya albarkaci dazuzzukanmu da abin da ke cikinsu.